Mulki da haihuwa a garken mirkat na hamadar Kalahari

Da sanyin safiya a kudancin hamadar Kalahari, wata ’yar dabba da nauyinta bai cika kilo ɗaya ba takan leƙo daga bakin rami, ta ɗaga kai ta duba sama, ta duba gabas da yamma, sannan ta fito ta miƙe tsaye a kan ƙafafunta na baya, ta tokare da wutsiya, ta juya cikinta ga rana. Bayanta sai wata ta fito, sai wata, har su yi sahu su goma sha ko ashirin, kowacce tana shan hantsi domin ta kore sanyin dare, wanda a hunturun can yakan kai ga daskarar da ruwa. Wannan ita ce mirkat, ’yar dangin tunku, wadda ke zaune a Afirka ta Kudu da Botswana da Namibiya da kudu maso yammacin Angola. Wanda ya san kurege zai ga kama a tsayuwarsu, amma abincinsu ya bambanta, domin ita mirkat ƙwari take ci da tsutsotsi da kunamu da ƙananan ƙadangaru, kuma kusan duk sai ta tona ƙasa take samunsu.

Wannan hoto nasu a jere shi ya sa mutane da yawa suke ɗaukarsu abin misali wajen haɗin kai, kuma ba su yi kuskure ba. Sai dai a shekarar 2016 wasu masana daga ƙasar Sifen, ƙarƙashin José María Gómez, sun tattara bayanan mutuwa na nau’o’in dabbobi masu shayarwa 1,024 domin su ga wace ce ta fi mutuwa a hannun jinsinta, sai mirkat ta zo ta ɗaya: kusan mutuwa ɗaya cikin biyar a cikinsu ’yar’uwa ce ta kashe ’yar’uwa, kuma yawancin waɗanda ake kashewa jarirai ne. Ga dabbar da ke wuni da yunwa tana rainon ɗan wata, ga ta kuma ta fi zaki da kura kisan nata. A ganina wanda bai haɗa waɗannan biyun wuri ɗaya ba bai fahimci mirkat ba, kuma bai fahimci abin da fifiko yake nufi a tsakanin dabbobi ba, domin rainon da kisan daga tushe ɗaya suke fitowa.

Yawancin abin da aka sani game da su ya fito ne daga wuri guda, wato gandun da ke gefen busasshen kogin Kuruman, a lardin Arewacin Kef na Afirka ta Kudu, kusa da iyakar Botswana. A shekarar 1993 Tim Clutton-Brock na Jami’ar Kambirij ya fara binciken mirkat a Kalahari, kuma har yau aikin bai tsaya ba. Masu binciken sun saba wa dabbobin da ganin mutum har suka daina gudunsa, suna yi wa kowacce alama da ɗigon rini a gashi domin a gane ta, kuma da ɗan ɓarɓashin dafaffen ƙwai ko ɗigon ruwa suke jan ta ta hau sikeli da kanta, da safe da tsakar rana da yamma. Ta haka aka san nauyin kowace dabba tun daga yarinta har mutuwa, aka san uwarta da ubanta, aka san abin da ta ci ta ƙaru da shi a wuni da abin da ta rasa. Wannan haƙuri na shekaru fiye da 30 shi ya ba da damar a yi magana a kan mulkin mirkat da hujja.

Abu na farko da ya bayyana shi ne cewa a kowane garke mace ɗaya ce ke riƙe da haihuwa. Ita ce uwar garke, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na ’ya’yan da ke rayuwa nata ne. Cikinta kwana 70 ne ko kusa da haka, takan haifi uku ko huɗu a lokaci guda, kuma a shekarar da aka samu ruwa tana iya haihuwa sau uku, wani lokaci har huɗu. Akwai uban garke wanda shi ne uban yawancin ’ya’yan, amma ragamar tana hannun macen. Sauran manyan da ke garken, waɗanda galibinsu ’ya’yanta ne da ƙannenta, aikinsu hidima: su tona rami, su yi gadi, su yi raino, su ciyar da ƙanana.

Dalilin wannan tsari yana cikin ƙasar da suke zaune. Ruwan da ke sauka a yankin Kuruman a matsakaiciyar shekara bai kai milimita 300 ba, ƙasa da rabin abin da Kano ke samu, kuma wata shekarar ma sai ya ƙi zuwa. Abinci a warwatse yake ƙarƙashin yashi, kuma mai tona ƙasa kanta a sunkuye yake, ba ta ganin gaggafa ko shaho daga sama, ba ta ganin dila daga nesa. Uwar da ke shayarwa dole ta fita kiwo kullum, in ba haka ba nononta ya ƙafe, jariranta kuwa makonni uku suke yi a cikin rami ba sa iya kare kansu. Don haka kowace safiya sai wata ko wani ya zauna a bakin ramin yana raino, ya wuni bai ci komai ba, har sikelin yamma ya nuna ya rage nauyi. Idan ’ya’yan suka fara bin garke, sai su riƙa kuka a bayan manya, manyan suna miƙa musu abin da suka tono har su kai kusan wata uku. Da masu bincike suka gwada sauya yawan ’ya’yan da ke kan masu hidima na ɗan lokaci, sai suka ga girman kowane ɗa yana bin yawan bakunan da ke ciyar da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan hannuwan ƙididdigaggu ne. Idan mata uku suka haihu a lokaci guda, masu hidimar ba su ƙaru ba, sai dai a raba su uku. Abin da ake takara a kansa ke nan a garken mirkat: ’ya’yan wace ce za su ci gumin kowa.

A nan ne mulkin uwar garke ke nuna fuskarsa mai tsanani. Idan cikinta ya tsufa, wajen wata guda kafin ta haihu, sai halinta ya sauya ga wasu daga cikin matan garken. Takan bangaje mace da ƙugu, ta shafa mata warin jikinta, ta ƙwace abin da ta tono, ta tsaya a kanta tana gurnani. Ita kuwa ta ƙasan sai ta durƙusa tana ’yan ƙananan koke-koke, ta matso tana gyara wa uwar gashi da haƙora domin ta lallashe ta. Sau da yawa lallashin ba ya hana komai. Wata rana sai farmakin ya zo da cizo a gindin wutsiya, sauran garken su taya, a kore ta. Waɗanda aka fi kora su ne manyan mata, da masu ciki, da waɗanda dangantakarsu da uwar ta yi nisa, amma ’yar cikinta ma ba ta tsira ba.

Wadda aka kora takan yi kusan makonni uku tana raɓe-raɓe a gefen yankin garken, ita kaɗai ko da wata da aka kora tare da ita. Ba ta da mai yi mata gadi, don haka rabin hankalinta na sama, abin da take samu na abinci ya ragu, ta rame. Binciken da Andrew Young da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 ya nuna cewa sinadaran da jiki ke saki lokacin ƙunci suna hauhawa a jikin korarriyar, damarta ta ɗaukar ciki tana raguwa, mai ciki kuma sau da yawa takan yi ɓari. Bayan uwar garke ta haihu da ’yan kwanaki, sai a bar yawancinsu su dawo, kuma wadda ta rasa nata cikin ko jariranta takan shayar da ’ya’yan wadda ta kore ta. Wannan shi ne wurin da ya fi taɓa ni a duk labarin mirkat, kuma ina ganin bai kamata mai karatu ya wuce shi da sauri ba.

Amma adalci ne a faɗi abin da uwar garke ke tsoro. Mace mai ciki a cikin mirkat, ko babba ko ƙarama, tana iya shiga rami ta kashe jariran da wata ta haifa, har ta cinye su, domin ’ya’yanta da ke tafe su tarar da masu hidima ba kowa a hannunsu. Uwar garke tana yi wa na ƙasa haka, na ƙasa masu ciki ma suna yi mata idan suka samu sarari, suna kuma yi wa junansu. Korar da take yi kafin haihuwa kariya ce daga hatsarin da yake na gaske. Kuma korar tana cin ta. A wani gwaji da Matthew Bell ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2014, an yi wa matan ƙasa allurar hana ɗaukar ciki a wasu garkuna. Da uwayen garken suka ga ba mai barazana, sai suka rage faɗa da kora, suka fi samun abinci, suka haifi ’ya’ya masu nauyi waɗanda suka fi saurin girma. Ashe duk ƙarfin da take kashewa wajen danne wasu daga jikinta yake fita, da jikin abin da ke cikinta.

Takarar ba ta jiran ranar da kujera za ta zama babu kowa. Idan uwar garke ta mutu, yawanci macen da ta fi shekaru da nauyi a cikin na ƙasa ita ke gadonta, saboda haka kowace mace tana kan layi, kuma matsayinta a layin nauyinta ne. Elise Huchard da abokan aikinta sun gwada wannan a wani bincike na 2016: suka ɗauki ’yan’uwa biyu-biyu, suka riƙa ba ƙaramar rabin dafaffen ƙwai sau biyu a rana har wata uku, babbar kuwa ba su ba ta komai ba. Da ƙanwar ta fara cim mata, sai yayar ta ƙara yawan abin da take ci da kanta, girmanta ya ƙara sauri. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to ga dabbar da ke auna ’yar’uwarta kullum tana daidaita jikinta da abin da ta gani. Wadda ta hau mulki ma takan sake wani girma bayan hawanta, kuma girman ya fi yawa idan mai bi mata ta kusa kamo ta a nauyi. Christine Drea ta Jami’ar Duke a Amurka ta ƙara wani bayani: uwayen garke suna da sinadarin testostiron, wanda aka fi sani a jikin namiji, da ya kai na maza ko ya fi, musamman a ƙarshen ciki, kuma da aka ba wasu maganin da ke toshe aikinsa sai zafinsu ya ragu, ’ya’yan da suka haifa ma suka taso ba su kai sauran faɗa ba. Wato ’yar uwar garke tun daga ciki ake shirya ta domin takara.

To me ya sa na ƙasa ba sa tafiya su kafa nasu? Amsar farko ita ce waje mutuwa ne. Binciken Dominic Cram na 2018 ya gano wani abu da ya zo a juye: jikin masu mulki yana nuna alamun tsufa da sauri fiye da na na ƙasa, saboda wahalar haihuwa da faɗa, amma duk da haka sun fi tsawon rai, matsakaicin shekara 4.4 a kan 2.8. Bambancin ya fito ne daga kwanakin da na ƙasa ke yi a wajen garke, mata saboda kora, maza saboda yawon neman mata a wasu garkuna. Masu mulki kusan ba sa rabuwa da taro. Amsa ta biyu ita ce zumunci. Tun 1964 masanin Ingila William Hamilton ya yi bayanin cewa dabbar da ta taimaki ’yan’uwanta na jini ta taimaki gadon halittar da ke jikinta, kuma mai raino a garken mirkat yawanci ƙannenta take raino. Sai dai zumunci bai bayyana komai ba, domin an ga namijin da ya shigo daga wani garke, wanda ba shi da jini ɗaya da jariran, yana hidima kamar kowa. Abin da ya rage shi ne amfanin yawa: garken da ya ƙaru ya fi ganin maƙiyi, ya fi korar maƙwabta a faɗan iyaka, kuma idan fari ya zo ƙananan garkuna ne ke fara ƙarewa. Duk wanda ya ciyar da jariri yau yana ƙara wa kansa masu gadi na gobe.

Akwai kuma wani abin da ke taƙaita haihuwar matan ƙasa ba tare da cizo ba. Mirkat tana ƙin saduwa da na jininta na kusa, kuma uban garke sau da yawa shi ne mahaifin ’yan matan, sauran mazan kuma ’yan’uwansu ne. Sai baƙon namiji ya raɓo daga wani garke a ɓoye kafin su samu ciki.

Gadi ma, wanda aka daɗe ana kawo shi a matsayin sadaukar da rai, ya zo da nasa bayanin. Mai gadi yakan hau kututture ko tsauni ko reshe, yana fitar da wata ’yar siririyar murya a kai a kai wadda ke gaya wa masu tono cewa akwai ido a sama. Marta Manser ta Jami’ar Zurik ta nuna cewa kukan gargaɗinsu ya bambanta, na maƙiyin sama daban, na maƙiyin ƙasa daban, kuma yana nuna ko hatsarin ya matso ko yana nesa. Amma a wani bincike na 1999 Clutton-Brock ya bayar da rahoton cewa a cikin sa’o’i fiye da 2,000 na lura ba a ga an kama mai gadi ko ɗaya ba, domin shi ke fara hango maƙiyi kuma yawanci yana kusa da rami. Da aka ba wasu gram 25 na dafaffen ƙwai da safe, sai suka ƙara lokacin da suke yi a gadi. Ba wanda ke raba aikin, uwar garke ba ta naɗa kowa. Wanda cikinsa ya cika shi ke hawa. Haka koyarwa take. Alex Thornton da Katherine McAuliffe sun nuna a 2006 cewa babba yakan kawo wa ƙaramin jariri matacciyar kunama, idan ya ɗan tasa a kawo masa mai rai da aka cire wa ƙari, daga baya a kawo masa lafiyayya, babban yana tsaye yana turo masa ita da hanci idan ta nemi gudu. Masu wannan aiki mafi yawansu na ƙasa ne, waɗanda ba su haifi ɗan ba.

Wannan ya sa nake ganin kalmar sarauta, da takan zo bakinmu da sauri, ba ta dace da abin da ke faruwa ba. Sarki a wurinmu yana hukunci, yana sasanta rigima, ana kai masa kuka. Uwar garken mirkat ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ta mallaka shi ne damar haihuwa da ikon kora. Kuma ba haka fifiko yake a kowace dabba ba. Duk wanda ya taɓa watsa tsaba a tsakar gida ya ga kazar da ke sarar kowa ba mai sararta, da wadda ke jira a gefe sai an gama. Wani ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, shi ya fara rubuta wannan a matsayin ilimi a farkon shekarun 1920, kuma daga kaji nazarin fifiko ya samo asali. A wurinsu jeri ne na wa zai fara ci, kuma da zarar kowa ta san wurinta faɗa yakan ragu, ta ƙasan ma tana yin ƙwai tana ƙyanƙyasa. A wurin kura mai dabbare-dabbare, wadda Kay Holekamp ta fara bi a Masai Mara ta Kenya a 1988, matsayi gado ne: ’ya tana shiga ƙasa da uwarta kai tsaye, sama da duk wadda uwar ta fi, ko da ta fi ta girman jiki, kuma abin da ke riƙe tsarin shi ne yawan masu mara maka baya a faɗa. A can sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma kowace mace tana haihuwa, sai dai ’ya’yan manya sun fi ƙoshi. Kyarkecin Turai da Amurka kuwa an daɗe ana ba da labarinsa a matsayin mai ƙwatar mulki da haƙori, bisa lura da aka yi da waɗanda aka tara a gidan namun daji ba dangin juna ba, har David Mech, wanda shi kansa ya yaɗa wannan fahimta a da, ya rubuta a 1999 cewa garken daji iyali ne kawai, uwa da uba da ’ya’yansu.

Kwatancin da ya fi haskaka mirkat yana cikin danginta. A gandun Sarauniya Elizabeth na Yuganda akwai wani tunku mai zane-zane a baya wanda Michael Cant ya daɗe yana nazari. Su ma suna kisan jarirai, su ma suna kora, amma mata da yawa ne ke haihuwa a garke, kuma sau da yawa a dare ɗaya suke haihuwa a rami ɗaya, ta yadda ba wadda za ta iya kashe ɗan wata ba tare da ta yi kasadar kashe nata ba. Matsala ɗaya ce, mafita biyu. A Kalahari, inda abinci ya fi ƙaranci, abin ya tsaya ne a kan mace ɗaya.

Ba duk korarru ne ke dawowa ba. Wani lokaci mata biyu ko uku ko fiye da aka kora tare sukan yi nisa, su bi gefen yankunan wasu garkuna suna kwana a ramukan da ba su sani ba, kuma da yawansu ba sa kai labari. Waɗanda suka fi yawa a tafiyar sun fi samun tsira. Idan suka yi sa’a suka haɗu da ayarin mazan da su ma suka baro gidajensu, suka kuma samu fili da ba mai shi, sai sabon garke ya kafu. A makonnin farko matan sukan gwada ƙarfi da bangaza da cizo har ɗaya ta rinjaya, yawanci babbar cikinsu ko mafi nauyi. Jikinta ya ƙara girma, sinadaran jikinta su sauya, ta fara shafa warinta a bakin ramuka, kuma idan cikinta na fari ya tsufa sai ta juya kan ’yan’uwan da suka sha wahalar hanya tare da ita.